Sauƙin da Kake Faɗa Mana, Yaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga watan jiya, Allah ya karɓi ranka, Yaya, ba da daɗewa ba bayan kotu ta ce a sake duba maganar tallafinka na nakasa.

Duk layinmu an san ka da jakar filaya da sukundireba. Wuta ta lalace a gidan tsoho ko na marayu, kai ake kira, in an miƙo maka wani abu kuma ka ce, "Riƙe ka sayi ƙwai mai kyau, wannan naka ko aci-balbal ta fi shi haske." Ni kaina da gyaran fanka ka ɗauki nauyin karatuna.

Da ka faɗo daga tsani a masana'anta bayanka ya taɓu, ka nemi tallafin. Ranar da likitan hukuma zai duba ka, mu ƙannenka muka fito maka da rigarka mafi kyau, don kada a raina mu. Kai kuma ka bar sandarka a mota. Likita ya ce, "Ya jiki?" Ka ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ya ce ka sunkuya, ka cije ka sunkuya. Sai ya rubuta cewa kana iya aiki, aka hana ka. Mu kuwa har yabon ka muka yi a hanya, wai namijin duniya.

Da ka kai ƙara kotu, alƙali ya tambaya ko wa ke kula da kai a gida. Matarka, wadda ko sunanka ba ta iya kamawa, ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, ni nake ɗaga shi. Ni nake masa wanka, ni nake kai shi banɗaki. In 'yan'uwansa za su zo, sai na tokare shi da matasai kafin su shigo."

Ka sunkuyar da kai. Muna kan bencin bayanka, wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Duk tsawon jinyar nan muna zuwa mu gaishe ka, mu karɓi "da sauƙi" mu tashi, domin ita ce amsar da ba ta ɗora mana nauyi.

Alƙali ya soke hanin, ya ce wani likita ya zo har gida ya duba ka. Muna fitowa ka ce da ni, "Na ci shari'a, ƙanena, amma an yaye mini zane a kasuwa." Likitan bai riske ka ba.

Allah ya jiƙanka, ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ya suturta ka a lahira. Ya raya yaranka, ya ba su haƙuri. Ke kuma matar Yaya, Allah ya biya ki abin da kika ɗauka ke kaɗai muna zaune a falonki. Ki yafe mana.