Sawun Shanu Ya Kai Yaya Gidan Surukai

Jiya ina kwance a ɗakin Kaka ina karanta littafin soyayya, sai ga kiran Yaya Nura daga Nijar. Gaisuwar iyayen yarinyar da yake nema ya tafi, an ce ya iso kafin la'asar. Ya ɗauki hayar mota a Damagaram yana tuƙa kansa, taswirar waya kuwa ta kai shi tsakiyar daji ta ce wai ya iso.

Tun bai gama yi min bayani ba, Kaka ta karɓe wayar.

"Kai maigida, za ka yi min kishiya amma ko hanya ba ka sani ba? Akwai sawun shanu a wurin?"

"Akwai, Kaka."

"To bi sabon. Da tsakar rana shanu rijiya suke nufa, rijiya kuma ba ta rasa mutane. In ka je ka sauko ka gaishe su, kar ka yi tambaya ta taga."

Da ta ajiye, ta ce haka marigayi kakanmu ya yi tun zamanin Turawa, da suka bar Kiru za su Makka, direban motar da suka ɗauka haya a Sudan ya ɓata. Ita tana baya tana kuka, shi kakan namu ya sauka yana bin sawun shanu, mota na biye da shi har rijiya.

Yaya ya isa ana kiran la'asar, da wani dattijo makiyayi da ya samu a rijiya a kujerar gaba yana nuna masa hanya.

Ni dai har yanzu hango kakanmu nake yi a ƙasa cikin rana, yana waiwayen matarsa.

Ku fa, in waya ta ɓatar da ku, me kuke bi?