Ƙwaryar furar Inna da ta tsage

Shekarun baya, lokacin da zaman ƙauyenmu na wajen Dogon Dawa ya gagara, na kwaso mahaifiyata zuwa Birnin Gwari a bayan babur. Kayan ɗakinta duk can muka baro, sai ƙwaryar furarta kaɗai da ta rungumo, wadda ta gada daga tata mahaifiyar. Muna isowa muka tarar gargadar hanya ta tsaga ta daga baki, kamar tsawon ɗan yatsa.

Daga ranar Inna ta daina dama fura. Na sayo kwanon samira ta ƙi, na sayo sabuwar ƙwarya ta ce warin ɗanye take yi. Tsohuwar da fura ce abincinta sai ga ta tana ramewa a gabana, abin ya dame ni ƙwarai.

Ni kuwa akwai karambani. Na sayo gam ɗin nan mai kama yatsa na tsiyaya a tsagar. Ya kama yatsuna biyu da gefen rigata, ƙwarya kam ko a jikinta. Na ɗaure da robar tayar keke, washegari na ga tsagar ta ƙara gangarawa ƙasa.

"Bar ta haka," in ji Inna. "In ta rabe biyu, ba ni da sauran abin gidanmu."

Na bari, amma tambayar ta ƙi barina: me ke sa tsaga ci gaba da tafiya alhali ba mai taɓa ta?

Ran kasuwa na tsaya wurin wata dattijuwar Bafillatana mai sayar da nono. Ƙwaryarta duk ɗinki ne, sai na tsuguna ina leƙe kamar mai neman kwarkwata. Can na lura a ƙarshen kowane ɗinki akwai wata 'yar huda baƙa, ita kaɗai, ba zare a cikinta.

"Goggo, wannan ramin na mene ne?"

Ta yi dariya. "Nono za ka saya ko ƙwarya? Nan ne ake tare tsaga. In ba ka ƙona mata wurin tsayawa ba, tafiya za ta yi ta yi."

Na koma gida na fasa sabuwar ƙwaryar nan da gangan, na yi ta gwaji a kan sakainarta. A nan na gano basilla mai sanyi sabuwar tsaga take haifarwa, sai an sa ta a garwashi ta yi ja. Busasshiyar kabar ɗinki kuma karyewa take, amma in an jiƙa ta an yi ɗinki, tana bushewa tana ƙara matse bakin.

Daga nan na ɗauko ta Inna. Gyara ne, amma sai na ƙara wa ƙwaryar rami. Inna ta juya baya ta ce ba za ta kalla ba. Hayaƙi ya ɗan tashi, basilla ta wuce salin-alin, tsagar ta tsaya cak.

Da na gama na miƙa mata. Ta bi ɗinkin da babban yatsa, a hankali, har ƙasa.

"Ɗinkin nan kamar tafiyar kaguwa," ta ce. "Je ka sayo nono."

Kwanakin farko ta ɗan yi yoyo, kafin gasarar fura ta toshe hudojin.

Har yanzu in abu ya tsage a gidana, ko bokiti ko murfin roba, ƙarshen tsagar nake fara nema kafin in taɓa bakin. Ƙauyen dai ba mu koma ba, Inna ma ta riga mu gidan gaskiya. Ƙwaryar tana hannun matata yanzu, kuma tsagar tana nan daidai inda na tare ta.