Aikin Gidan da Ya Taso da Sarkin Noma

Har gobe ban manta da wata Talata ta zangon farko ba, ana tsakiyar karyar masara, ranar da aikin gida na 'yan aji shida ya taso mini da Sarkin Noma har ofishin Firinsifal. Ku da aka turo mana kwanan nan kuna jin tsofaffin malamai na tsokanata da "Malam na likita", kuna taya su dariya ba ku san mafari ba. To, ga mafarin.

Ni mutumin Funtua ne, a cikin gari na tashi, kuma sanin da na yi wa noma a lokacin bai wuce in ga masara a kan garwashi in ce a zaɓo mini mai taushi ba. Aka turo ni wata makarantar je-ka-ka-dawo a wani gari kusa da Dayi a matsayin malamin Turanci, aka kuma haɗa mini da riƙon aji shida, wato masu shirin jarrabawar fita sakandare. Ga wanda bai san aikinmu ba, mai riƙon aji shi ne uban ajin. Shi ke kiran suna da safe, shi ke sanin wanda bai zo ba da dalilinsa, shi kuma ake nema in wani abu ya ɓaci.

Da kaka ajin kan rame. Yau wannan yana gona, gobe wancan ya bi amalanke, kuma ba ka da bakin hana yaro taimakon ubansa a lokacin da abincin shekara ke tsaye a fili. Don haka bayan an dawo daga hutun korona na nemi izinin Firinsifal, Alhaji Kabir, na buɗe wa ajin guruf a waya. Ɗalibanmu ba su da waya, lambobin iyaye na karɓa. Kullum in an tashi sai in rubuta da Turanci abin da aka koyar da aikin gida na ranar, sannan in bi shi da saƙon murya da Hausa, don uban da ba ya karatun boko ya san abin da zai gaya wa ɗansa.

Guruf ɗin ya karɓu fiye da yadda na zata. Na ce na darasi ne kawai, amma ina, kafin wata ya ƙare an yi cigiyar tunkiya a ciki, an sanar da suna, an yi gardamar takin da ya fi karɓar dawa. Abin da ban sani ba shi ne inda ake sauraren muryata. Ni a zatona uba zai miƙa wa ɗansa waya a zaure ya ce ga saƙon malaminku. Ashe a majalisa ake buɗe ni, bayan la'asar, a ƙofar masallaci, dattawa na zaune a kan tabarma, a ƙure murya kowa ya ji abin da Malam ya ce yau.

A jarrabawar fita akwai tambayar da ake ba ɗalibi wata magana a ce ya goyi baya ko ya yi suka, ya kawo hujjoji a tsare. Ba ra'ayinsa ake aunawa ba, iya jera hujja ake dubawa. Ranar Litinin na koyar da wannan, na ɗauko tsohuwar gardamar da kowane ɗan makaranta ya sani, ta likita da manomi. Na raba ajin yadda suke zaune, na kuma aika saƙo kamar kullum: "Masu zama layin ƙofa su rubuta cewa manomi ya fi likita amfani. Masu zama layin taga su rubuta cewa likita ya fi manomi. A kawo ranar Alhamis." Don kada a rikice, har sunaye na kira.

Cikin 'yan layin taga akwai Rabi, yarinya mai shiru-shiru wadda ta fi kowa iya rubutu a ajin. Ubanta shi ne Alhaji Isiya, Sarkin Noman garin, mutumin da ake cewa in ya fara shuka kowa ya ɗauko irinsa, in ya dakata kowa ya dakata. A wayarsa aka saurari saƙon ran nan. Yana ƙarewa taubashinsa Malam Buba, wanda ba ya barin ta kwana in dai tsokanar Alhaji ce, ya ce, "To Sarki, Allah ya ba da haƙuri. Duk 'ya'yan garin nan, taka aka zaɓa ta rubuta wa gwamnati cewa ba ka da amfani." Majalisa ta kwashe da dariya, Sarkin Noma kuwa ya naɗe tabarmarsa.

Talata da safe na kira suna, babu Rabi. Ban kawo komai a raina ba sai da masinja ya leƙo ya ce Firinsifal na nemana, kuma in zo da natsuwata. Na tarar da babura jere a gindin bishiyar bedi, ofis cike da manyan riguna. Na durƙusa na gaishe su, suka amsa a taƙaice.

"Kai ne malamin?" in ji Sarkin Noma. "Masarar wa kake ci a garin nan?"

Na ce, "Taku ce, ranka ya daɗe."

"To madalla, ashe ka sani. Na ba ka yarinya ka koya mata Turanci, ban ba ka ita don ta zauna a ɗakina, ta ci tuwona, ta ɗauki biro ta rubuta cewa wani ya fi ubanta ba. Daga yau ta gama. A cire lambata, ita ma a cire sunanta."

Na san ba barazana yake ba. Saura 'yan watanni jarrabawa, kuma in akwai wadda nake sa ran za ta fitar da mu kunya, Rabi ce. Na tattaro duk dabarata na ce, "Ranka ya daɗe, abin kamar gayya ne. Ana raba samari gida biyu, kowane ɓangare na ƙoƙarin riga ɗaya kai ƙarshen gona, amma ai gonar ɗaya ce, ba gaba ake ba." Na ji daɗin misalin nan ƙwarai, har na saci kallon Firinsifal in ga ko ya yaba.

Sarkin Noma ya ce, "Ka taɓa zuwa gayya?"

Na ce ban taɓa ba.

"Shi ya sa. A gayya ba a zagin mai gona."

Alhaji Kabir ya daɗe a aikin nan, ya san ba a tare ruwa ta gaba, gefe ake yi masa hanya. Bai kare ni ba, bai kuma ba ni laifi ba. Ya ce, "Sarkin Noma, ai ba a yanke hukunci ba a ji ɓangare biyu ba. Ranar Alhamis za a karanta abin da yaran suka rubuta. Ka zo da jama'arka, kai da kanka ka tsaya wa manomi. In ka ji kalma ɗaya ta raini daga bakin 'yarka, ni zan cire sunanta da hannuna." Na lura maganar tsaya wa manomi a gaban jama'a ta yi wa Alhaji Isiya daɗi. Ya ce ya yarda, amma da sharaɗin a fassara masa komai, kada a ci shi da Turanci.

Laraba Rabi ta dawo. Na kira ta gefe na ce in tana so in mayar da ita ɓangaren manomi, magana ta mutu. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, in aka canza ni yanzu, Baba zai ce da ma abin raini ne shi ya sa aka janye. A bar ni a inda nake." Na ce to ta kawo in duba mata. Ta ce in yi haƙuri, tana so ta rubuta da kanta. Na bar ta, amma ranar ko abincin kirki ban ci ba.

Alhamis bayan hutun ƙarfe tara aka fito da bencina gindin bedi. Labari ya riga ya zaga, har masu tallar gyaɗa sun zo. Aka sa mataimakin Firinsifal da malamai biyu alƙalanci, ni kuma tafinta. Wani yaro daga layin ƙofa ya karanta nasa, aka tafa. Sai Sarkin Noma ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya fara da kirari: noma na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya kai ya tarar. Ya ce shi dai bai taɓa ganin likitan da ya karya kumallo da allura ba. Ya ce ko maganin da likitan ke bayarwa, ai cewa yake a ci abinci tukuna. Wallahi ya iya magana, ni kaina sai da na tafa, na manta cewa wuyana ne a kan wuƙa.

Aka kira Rabi. Ta fara zuwa gaban mahaifinta ta durƙusa, sannan ta koma ta tsaya, ta gaida shugaban zama da alƙalai kamar yadda aka koya musu. Tana faɗin jimla da Turanci, ina mayarwa da Hausa.

Ta ce a gidansu akwai gona, akwai shanun huɗa, akwai rumbuna, amma duk cikinsu babu abin da ya kai mutumin da ke tashi da asuba ya fita gonar daraja. Ta ce wata damina, tana ƙarama, zazzaɓi ya kwantar da shi ana tsakiyar noman farko, har ba ya gane mai shigowa. Manoman garin nan kaf suka yi gayya suka nome masa gona tas, kuma gidansu ba zai taɓa manta wannan alheri ba. Amma da suka gama suka zo ƙofar ɗaki suka tsaya, babu wanda ya iya tayar da shi. Sai da aka ɗauke shi zuwa asibiti a Malumfashi. Ta ce ita ta ga ranar da aka fita da shi a kwance, ta kuma ga ranar da Allah ya dawo da shi da ƙafarsa. "Manoma sun iya ceton gonar," in ji ta, "amma mu ba gonar muke kuka ba. Na tsaya wa likita ne domin ta hannunsa Allah ya dawo mana da manominmu."

Na fassara jimlar ƙarshe. Sarkin Noma na kallon ƙasa, yana murza bakin rigarsa. Can ya ɗago.

"Malam, tsakaninka da Allah, kai ka rubuta mata?"

"Ko gani ban yi ba, ranka ya daɗe. Yau na fara ji, tare da kai."

"Kuma ba ka ƙara gishiri a fassarar ba?"

"Ragewa ma na yi, Hausata ba ta kai Turancinta ba."

Sai ya juya wajen taubashinsa, fuskar nan ta washe. "Buba, ka dai ji da kunnenka. Da Turanci ta ce na fi shanu da rumbu. Kai wa ya taɓa faɗin haka a kanka, ko da Hausa?" Aka fashe da dariya, Malam Buba ya ɗaga hannu ya ce ya sallama.

Alƙalai suka ba ɓangaren likita nasara. Sarkin Noma ya ce sam, manomi ne ya ci, tun da an tabbatar a gaban shaidu cewa likitan ma hidimar manomi yake yi. Amma makin, in ji shi, a ba yarinya abinta, ta wahala. Firinsifal ya tambaye shi maganar cire suna. Ya ce, "Wane suna? Ta koma aji. In ma likitancin take so ta karanta, ai manomi ne zai kai ta." Farin cikin da na yi a ranar ban yi irinsa ba ko ranar da aka ɗauke ni aiki.

Abin da na koya, wanda nake so ku ma ku riƙe, shi ne ajinmu bai tsaya a bango huɗu ba. Duk abin da ka aika a matsayin aikin gida, gida zai shiga, gidan kuma akwai mai shi, da sana'arsa da mutuncinsa da abokan zamansa masu jiran abin tsokana. Tun daga lokacin, in zan ba da irin wannan aiki sai na fara bayyana wa iyaye cewa gwajin hujja ne, in kuma roƙe su su taya yaran nemo hujjar. Ba su taɓa ƙi ba. Mutanen nan ba ƙin boko suke ba, so suke a san da zamansu a cikinsa.

Wani malami ya ɗauki muryar Rabi a waya ranar Alhamis ɗin, Sarkin Noma ya sa aka tura masa. Ta yi jarrabawarta ta wuce gaba da karatu, shi kuwa har yanzu in ka haɗu da shi a kasuwar Dayi, kafin ku gama gaisawa ya ciro waya. Ba fassarata yake sakawa ba, Turancin yake sakawa tun daga farko. Ba ya jin ko kalma ɗaya a ciki, amma ya san daidai wurin da zai ɗaga yatsa ya ce, "Ku yi shiru, nan ne ta zo kaina."