Haƙorin Tsohuwar Dawce

Shekaru na yi ina koyar da ilimin halayyar ɗan Adam ga ɗalibai masu karatun likitan haƙori, kuma ba a taɓa sa darasina da safe ba. Kullum sai bayan azahar, lokacin da ciki ya cika da shinkafa da wake, rabin aji na gyangyaɗi. Ɗaliban suna kiransa darasin hutu, sun ɗauka ban sani ba. A ganinsu aikinsu cikin baki yake farawa, can kuma yake ƙarewa, mai bakin rakiya kawai ya yi wa haƙoransa. Nakan ce musu kafin su leƙa baki su dubi mutum, su dubi wanda ya rako shi, su dubi inda ya ajiye idonsa. Sai su rubuta, su haddace, su zuba mini a egzama, su fita su manta.

Wata shekara makarantarmu ta kai 'yan ajin ƙarshe Matameye su yi wa mutane aikin haƙori kyauta a lokacin hutu. Ni 'yar garin ce, don haka aka sa ni cikin tafiyar. Ba don darasina ba, kada in yaudari kaina. Babban likitan da ya jagorance mu, mutumin da ba ya kallon wanda yake yi wa magana, cewa ya yi ana bukatar wanda ya san inda za a samo ruwa da abinci. Aka ba mu azuzuwa a wata lakwal, wato makarantar yara, aka jera kujerun aiki, ni kuma aka ba ni benci ƙarƙashin darbejiya in riƙa tsara layi. Na haɗiye abin, na zauna.

Ranar ƙarshe mutane suka yi yawa, daga Kance, daga Yauri, daga ƙauyukan da ko sunansu ɗaliban ba su taɓa ji ba. Da hantsi na ga wani ɗan kabu-kabu ya sauke wata tsohuwa. Kuncinta na hagu ya kumbura har ya fara rufe ido, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Can baya wani magidanci ya biyo su a kan nasa moto, wato babur, ya tsaya nesa, bakin ƙofar lakwal. Shi ya sallami ɗan kabu-kabun, amma bai matso ba, ita ma ba ta waiwaya ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya ga haka ya san abin da ke tsakaninsu. Mutum yana da moto, ya ɗauko wa tsohuwa haya, ya bi ta a baya, ai ba sai an tambaya ba.

Na je na tsuguna na gaishe ta. Da ƙyar take magana. Ta ce daga Dawce take, haƙorin ya hana ta barci da abinci, ɗiyarta tana jego shi ya sa ba ta rako ta ba. Na taɓa goshinta na ji zafi. Irin wannan kumburin ba abin wasa ba ne, kuma na san in muka tattara muka tafi da yamma, babu wanda zai iya lallashin matar nan ta je Damagaram neman likita. In ba a cire shi ranar ba, to shi ke nan. Na tsallake layi da ita, masu jira suna gunaguni, na kai ta wurin ɗalibin da ya fi kowa ƙoƙari a ajina, na koma neman mai kawo mana ruwa.

Ina dawowa sai ga ɗalibin ya fito da sauri, fuskarsa cike da murna.

"Madam, zo ki gani! Mun samu irin wadda kika koya mana, mai tsoron likita na gaske. Duk matakan na bi, ko ɗaya ban tsallake ba."

Muna tafiya yana ba ni labari. Ya kwantar da kujera, ya ce ta buɗe baki, ta fara buɗewa a hankali. Sai ya tuna cewa littafi ya ce ganin ɗan uwa kusa yana kwantar da hankalin mara lafiya. Ya fita ya yi cigiyar wanda ya kawo tsohuwar, ya shigo da shi. Daga nan, in ji shi, tsoron ya ƙaru, ta datse baki gam. Ya nuna mata kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, ya ce ta ja numfashi ta sauke, duk a banza.

"Shi ne na kama hannunsa na ɗora a kan nata," in ji shi, "don ta ji ba ita kaɗai ba ce."

Ban san lokacin da na ture shi na shiga ba. Tsohuwar na kwance a kan kujera, an ɗaura mata ƙyalle a wuya, ƙafafunta a miƙe, takalmi ɗaya ya faɗi. Ta runtse ido, ta danne mayafi a baki da hannun da ya rage mata. Magidancin yana tsaye a gefenta, ya juya fuska ga allo, zufa ta jiƙa masa riga har baya. Hannunsa na kan nata, a sandare, kamar wanda aka ɗora a kan murfin tukunya mai zafi. Ɗalibai sun kewaye su suna kallo.

Don ɗaliban su ji da kunnensu, na ce, "Malam, mece ce taka?"

Bai juyo ba. Murya can ƙasa ya ce, "Kakar yarana ce."

"Fita, Malam. Allah Ya ba ka haƙuri. Je ka kasuwa ka sha inuwa, ni zan aiko a kira ka."

Ya fita yana tuntuɓe da benci, ko hularsa da ta faɗi bai tsaya ɗauka ba.

Ɗalibin nawa ya tsaya yana kallona, wai shi bai gane ba. Har da cewa, "Amma Madam, ai muharramarsa ce. Addini bai hana ba."

Wallahi da a gida ne, kuma ƙanena ne, da na kwaɗa masa mari. Yaron nan Bahaushe ne gaba da baya, ba daga wata ƙasa aka kawo shi ba. Ya taso yana ganin ubansa na cire takalmi tun daga nesa in zai gaida surukai, ya ga kakarsa na ɓoye ƙwaryar fura in mijin ɗiyarta ya yi sallama. Amma da ya sa farar riga duk wannan ya zube masa, har yana kawo mini fatawa. Na kori ɗaliban maza duka, na bar mace ɗaya, na ce a rufe tagogi. Na ɗaga kujerar, na sa wa tsohuwar takalminta.

"Inna, ya tafi. Daga ni sai yarinyar nan. Ki daure a cire, yanzu za ki huta."

Sai a lokacin ta buɗe ido, hawaye na bin kuncin da ya kumbura.

"Ɗiyar nan, kwance mini ƙyallen nan in tafi. Tun da ya auri ɗiyata bai taɓa ganin ina shan ruwa ba. Yau ga ni an shimfiɗe ni a gabansa, an ce in wage baki. Har hannu. Da me zan dube shi?"

Na ce laifinmu ne, ba nata ba, ba nasa ba. Na ce yara ne, ba su da hankali. Na tuna mata jaririn da ke jiran ta a gida, da ɗiyarta mai jego da babu mai dafa mata ruwan wanka. Na yi ta magana a hankali, ina shafa mata baya. Na ga hannunta ya fara sassauta mayafin, ya sauko har haɓa. Na yi wa ɗalibar ido ta shirya allura.

Daidai nan babban likita ya turo ƙofa. An je an gaya masa malamar darasin hutu ta kori ɗalibai daga ɗakin aiki.

"Madam, wa ya ba ki izinin tsayar mini da aiki? Nan wurin magani ne, ba zauren sulhu ba."

Na ce ya ba ni ɗan lokaci kaɗan, matar ta kusa yarda. Na fara yi masa bayani da Faransanci don kada ta ji ana tattauna ta. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya amsa da Hausa, da ƙarfi, yana kallon agogo.

"Mutane na cikin rana suna jira. In ba ta so, ta tashi ta ba wani wuri."

Mayafin ya koma baki. Ta kwance ƙyallen da kanta, ta ninke shi, ta ajiye a kan kujera. Ta ce mun gode, Allah Ya saka da alheri, Allah Ya yi wa karatu albarka. Wannan godiyar ta fi komai ƙona mini rai. Ba ta bi ta ƙofar lakwal ba, ta zagaya ta baya inda katanga ta rushe. Na bi ta da ƙwayoyin magani, ina roƙo har bakin hanya. Ta karɓi maganin ta ƙulle a gefen zane, amma ko juyowa ba ta yi ba. Ta nufi tasha da ƙafa.

Da la'asar, ana loda kaya a mota, na ji likitan yana gaya wa ɗalibai cewa haka mutanen ƙauye suke, a kawo musu magani har gida su ƙi. Suna gyaɗa kai. Na ajiye bokitin da ke hannuna na yi ta faɗa, har direba ya kashe mota ya fito kallo. Ba na tuna duk abin da na ce, na dai san likitan bai sake yi mini magana ba har muka isa. Na juya kan ɗalibin na tambaye shi ko an sa masa rana. Ya ce an sa. Na ce ya taɓa cin abinci a gaban uwar yarinyar?

"Subhanallahi, Madam! Ko layinsu ba na bi in tana waje."

"To don me ka yi wa matar nan haka?"

Ya ce, da iyakar gaskiyarsa, "Ai wancan gida ne, Madam. Nan kuwa aiki ne."

Yaron ya ci darasina da maki mafi yawa a shekarar, kuma babu yadda zan yi in hana shi, don duk abin da aka tambaya ya amsa daidai.

Da na zo gida hutun Sallah na haɗu da magidancin a kasuwar Matameye, yana sayen igiya. Shi ya gane ni, ya rusuna ya gaishe ni. Na tambayi jikin tsohuwa. Ya ce da ciwon ya ci ƙarfinta sai aka kira wanzami, haƙorin ya karye a ciki, kumburin ya sauka har wuya. A kwance aka kai ta Damagaram, aka yi mata aiki. Ta tashi, amma bakin bai ƙara buɗuwa sosai ba, daga kunu sai fura mai ruwa. Shi kuma tun ranar, in ya je gaisuwa daga bayan danga yake tsayawa, a fito a ce masa tana barci.

Ya yi ta juya igiyar a hannu, idonsa a ƙasa.

"Malama, ni fa a bakin ƙofa na tsaya. Likita ne ya fito ya ce in shigo. Da wane baki zan ce masa a'a?"