Ba Ni Wayarka

Akwai wata safiyar Talata a Manchester da ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai taɓa ta. Shekaru sun ja, amma har yau in na rufe ido ina ganin bakin ƙofar nan, da saurayin da ya tsaya a gabana yana miƙo hannu.

Sai na ɗan koma baya kafin a gane dalilin da ya sa na tsorata a ranar. A Rasha na yi karatun likita, gwamnatin jiharmu ce ta tura mu. A can akwai wasu samarin unguwa da ake kira gopnik. Ba su kai 'yan daba ba, sun fi kama da zauna-gari-banza masu saurin hannu. Ko daga nesa ka hango su za ka gane su: wandon motsa jiki mai layi uku, aski ƙwal-kwabo, ga tsugunno a bakin gini, diddige a ƙasa, kamar masu jiran a sauke tukunya. Suna ta ɓarzar wani baƙin iri mai kama da agushi suna tofar da ɓawon. A shekarata ta biyu wasu huɗu suka tare ni a tashar bas, rana tsaka. Ɗayansu ya ce, "Ba ni wayarka in yi kira." Haka suke farawa, kowa ya sani. Na hana. Na kwana tara a asibiti da karyayyun haƙarƙari biyu. Tun daga nan, da na ga mutum ya tsuguna a bakin hanya cikin irin wannan wando, sai in canza layi.

Bayan na gama na yi aiki a gida, sai na zo Ingila neman lasisin aikin likita. Na sauka wajen yayana a Sparkhill, cikin Birmingham, shi akanta ne. Lokacin gwamnati na ta tsuke bakin aljihu, yau a rufe laburare, gobe a rage ma'aikata, kowa a ɗarare. Na ci jarrabawar rubutu, amma ta aikin hannu, wadda ake yi a Manchester, na faɗi a zaman farko. Bizata kuma saura 'yan watanni. Yaya bai taɓa yi mini gori ba, sai dai ranar da zai kai ni tashar manyan bas ya ce, "Ka san dai wannan karon babu na uku a kusa. Ka je ka yi abin da ya kai ka, kada ka kula kowa."

A unguwar Moss Side ta Manchester na sauka, gidan wata dattijuwa 'yar Kafanchan, ƙawar surukar Yaya. Mama muke ce mata. Sati uku zan yi ina zuwa wajen bita. Washegarin isowata na leƙa ta taga, sai gabana ya faɗi. Su uku ne a tsugune a gaban gidan da ke jikin namu. Wandon nan, askin nan, ɓawon nan a warwatse a ƙasa. Kuma Rashanci suke yi, irin na titi, wanda ba a koya mana a aji ba amma kunnena ya haddace.

Na tambayi Mama su wane ne. Ta ce, "Yaran Latvia ne, can maƙwabciyar Rasha, wankin mota suke yi. Ran da aka kira su su je, ran da ba a kira su ba ka gan su nan. Da akwai gidan wasanni a kan kwana inda suke dambe, ƙaramar hukuma ta rufe. Ba ruwansu da kowa, sai dai ƙazanta."

Ban yi mata musu ba, amma a raina na ce Mama ba ta san su ba, ni na san su. Na yanke wa kaina hukunci biyu: ba zan haɗa ido da su ba, kuma ba za su taɓa sanin ina jin yarensu ba. Kullum in zan fita sai in sa abin sauraro a kunne ba tare da na kunna komai ba. Ina jin duk abin da suke faɗi. Yawanci hirar mota ce da 'yan mata da zagin mai gidan aikinsu. Sau biyu kuma na ji mafi tsawonsu ya kira ni da wata mummunar kalma da ake faɗa wa baƙar fata. Na wuce kamar dutse.

Ranar jarrabawa ƙarfe ɗaya aka ce mu hallara, wanda ya makara kuma ba a buɗe masa ƙofa. Mama ta tafi aiki tun da safe. Wajen sha ɗaya saura na fito cikin kwat da farar riga, na kulle ƙofa, ina juyowa sai ga mutum a gabana. Ƙaraminsu ne, ba zai wuce shekara ashirin ba, idonsa ja. Ya tare hanya, ya miƙo hannu, ya ce da gurgun Turancinsa, "Waya. Waya. Ba ni."

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Haƙarƙarina ya fara ciwo a daidai inda ya taɓa karyewa. Titin ba kowa. Na ce a raina shi ke nan, ranar da duk rayuwata ta rataya a kanta, ita suka zaɓa. Har na sa hannu a aljihu zan ba shi in tsira da jikina, sai dogon ya leƙo daga ƙofarsu ya daka masa tsawa da Rashanci: "Me kake tsaye yi? Wannan ba zai gane ka ba. Uwata ta daina amsa mini."

Ƙaramin ya juya ya ce, "Na kira masu motar asibiti, tambayoyi suke ta yi mini, ban gane ko ɗaya ba."

Sai a lokacin na lura akwai waya a ɗaya hannunsa. Ba tawa yake so ba. So yake in yi magana a madadinsa.

Gaskiya ban yi wani tunanin jarumta ba. Bakina ne kawai ya buɗe, yaren da na yi shekaru ina dannewa ya fito da kansa. Na ce, "Me ya same ta? Tana numfashi?"

Su duka biyun suka daskare. Na ce, "Ni likita ne. Nuna mini inda take."

Duk da haka, ina taka matakalar gidan ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, don wani ɓangare na zuciyata na ce mini tarko ne. Sai da na shiga kicin na ga mace a zaune a ƙasa ta jingina da firij, sannan wannan muryar ta yi shiru. Za ta yi shekara hamsin, da rigar aikin kamfanin yankan kaji a jikinta. Gumi ya jiƙe ta sharkaf, hannunta na rawa, tana wasu surutai marasa kan gado. Ita ce mahaifiyar dogon. Na tambaye shi ko tana da wani ciwo, ya ce bai sani ba, amma tana yi wa kanta allura. Na buɗe firij, ga allurar masu ciwon suga. Ta dawo daga aiki, ta yi allurar, gajiya ta hana ta cin abinci.

Na kira motar asibiti da wayata, na yi musu bayani, suka ce suna tafe amma layi da tsawo. Na duba na ga tana iya haɗiya. Na ce wa ƙaramin ya dama suga a ruwa, ya rikice ya kasa samun sugan, sai ya ɗauko wata kwalbar jam, zaƙin nan da ake shafa wa burodi. Da cokali na riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, dogon na tallafe da kanta yana kiran "Mama, Mama" da wata murya da ban taɓa zaton tana cikin ƙirjinsa ba. Minti goma da suka fi shekara tsawo. Sai rawar hannun ta lafa, idonta ya dawo. Ta kalli ɗanta, ta kalle ni, ta ce, "Wane ne wannan, kuma me ya sa kuka bar shi ya shigo da takalmi?"

Dariyar da ta kuɓuce mini a lokacin, rabinta kuka ne.

Ban iya tafiya ba sai da ma'aikatan asibiti suka iso, don babu mai yi musu tafinta. Ina gama ba su bayani na duba agogo, sha biyu da minti ashirin da biyar. Bas ba zai kai ni ba. Na ce, "Inna lillahi," na zauna a kan kujera. Matar ta tambayi abin da ya faru, na gaya mata. Ta juya wajen ɗanta ta ce, "Kai, tashi ka kai shi. Idan ya makara kada ka dawo mini gida."

Motarsa wata tsohuwa ce, ɗaya daga cikin ƙofofinta ba ta buɗuwa. Ya bi da ni wasu lunguna da ban san da su ba. Da muka yi nisa sai ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Tun yaushe kake jin abin da muke faɗi?"

Na ce, "Tun ranar farko."

Kunnuwansa suka yi ja. Can ya ce, "To me ya hana ka magana?"

Na gaya masa abin da ya same ni a tashar bas. Da muka tsaya a danja sai ya ce, "A garinmu ni ma na tsaya a irin wannan tashar. Ba ni na taɓa ka ba, amma na san yadda ake yi." Bai ce in yafe masa ba, ni ma ban ce na yafe ba. Da ya ajiye ni saura minti shida, sai ya cire rigar samansa ya goge mini jam ɗin da ya ɓata gaban kwat ɗina, ya ce, "Je ka, likita."

Wani abin mamaki, a zaman farko tsoro ne ya kayar da ni, Turancina ya riƙa sarƙewa. A wannan rana kuwa tsoron ya riga ya ƙare tun a kicin. Na shiga ɗakunan jarrabawar ɗaya bayan ɗaya kamar ina zagayen marasa lafiya a asibitin garinmu.

Washegari na koma Birmingham. Da na ba Yaya labari, sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Kai da na ce kada ka kula kowa? Da ka makara fa?" Na ce ban sani ba, Yaya. Ya ce Allah Ya kyauta. Bayan 'yan makonni sakamako ya fito, na ci. Shi ya fara yin sujada kafin ni.

Ban sake ganin samarin ba. Mama ta ce sun tashi daga gidan kafin shekara ta zagayo, matar kuma lafiyarta lau lokacin da suka tafi. Ba zan ce muku mutanen kirki ne ba, don ban san su ba, kuma kalmar da dogon ya kira ni da ita na ji ta da kunnena. Abin da na sani shi ne, sati uku na yi ina hukunta mutum uku da laifin wasu huɗu da ke wata ƙasa, kuma saura ƙiris in miƙa waya in gudu in bar mace ta mutu a bayan bangon ɗakin da nake kwana. Tsoro yana da amfaninsa, ya sha tsare ni. Amma daga ranar na koyi cewa idan mutum ya tare ni da hannu a miƙe, kafin in yanke abin da ya zo karɓa, in tsaya in ji abin da yake faɗi.