Malama Kuwabara da Ruwan Wanke Kai

Kuwabara Hatsue tana da shekara arba'in da shida ta fara koyarwa a wata makarantar koyon aski a garin Kurume na ƙasar Japan. Kafin nan shekara ashirin da biyu ta yi tana karɓar baƙi a otal. Ba ta iya riƙe almakashi ba, ba kuma don shi aka ɗauke ta ba. Darasinta magana ce: yadda ake tarbar mai shigowa, yadda ake rusunawa, abin da ake faɗa kafin a ɗora wa mutum tawul a fuska. Talata da Juma'a take shiga aji. Jimloli talatin da huɗu ta tsara, kowace da lambarta, kuma ɗalibi ba ya fita sai ya haddace su tsaf.

Mace ce mai bin diddigi. Ko miya ta yi gishiri sai ta gano a ina hannunta ya zarce. Mijinta yakan ce zama da ita kamar zama da ɗan sanda ne.

A shekararta ta goma sha ɗaya aka kawo mata Nonaka Shigeru, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda ya yi shekara ashirin a masana'antar narkar da ƙarfe kafin a rufe ta. Babu wanda ya kai shi hadda a ajin. Amma shago biyu da aka tura shi sanin makamar aiki sun dawo da shi. Na uku, na tsoho Hirakawa, ya ba shi wa'adi zuwa ƙarshen Yuni, makarantar kuwa ba ta tura mutum sau huɗu.

Abin ya tsaya wa Malama a rai. Ta buga wa Hirakawa waya.

"Wai me yake yi ne, Baba?"

"Ba abin da yake yi, Malama. Ga ladabi kamar ya zo neman aure. Amma duk wanda ya wanke wa kai, in ya dawo sai ya raɗa min, 'Yau kai za ka yi min.'"

"Sun faɗi dalili?"

"Wa zai faɗa?"

Ranar Laraba da hantsi ta hau jirgin ƙasa, ta sauka a tasha ta uku, ta shiga shagon ta ce wankin kai ta zo, kuma Nonaka take so. Ta sunkuyar da kai a kwano. Ruwa ya sauko mata a ƙeya kamar an juye butar shayi.

"Zafin ruwan ya yi miki daidai?" in ji Nonaka, murya a tausashe. Jimla ta goma sha tara ke nan, babu kuskure ko ɗaya.

"Ya yi daidai," ta ce.

Sai da maganar ta fita ta ji me ta faɗa. Fatar kanta na raɗaɗi, tana mamakin kanta. Ita da ta zo bincike, me ya hana ta faɗin gaskiya? Kunya ce: ba ta so ta muzanta shi a gaban maigidansa. To ina ga baƙo?

Ta ɗago, ruwa na ɗiga. "Nonaka, miƙo hannunka."

Tafin kamar ƙasan takalmi, wuta ta daɗe da kashe shi.

"Yaya kake jin ruwan nan?"

"Ɗumi-ɗumi, Malama."

"Ɗumi-ɗumi! Saura kaɗan ka dafa ni kamar ƙwai."

"To ai na tambaye ki, kika ce ya yi."

Hirakawa ya ajiye aska yana ƙyaƙyatawa. "Ya kama ki, Malama! Wa ya koya masa tambayar?"

Ba ta yi musu ba. Tambayar tata ce, kuma amsa ɗaya kawai mai kunya zai iya ba ta. Nan take, da tawul a ka, ta ce ya riƙa gwada ruwa da cikin wuyan hannunsa, inda fatar ke da rai. Sannan ta sauya masa jimlar: "Hannuna ba ya jin zafi sosai. In ɗan rage maka?" Ta haka laifin ya koma kan hannu, mai kai kuwa "e" kawai zai ce.

Ta ƙi tafiya sai ta ga an gwada. Wanda ya fara shigowa wani direban tasi ne, Eguchi, ya zauna yana hararar famfo. Nonaka ya yi tambayar.

"Rage, ɗan'uwa, rage!" in ji Eguchi daga cikin kwano. "Sati uku ina zaton sanƙo ne ke min sallama da zafi haka."

Ranar talatin ga Yuni takardar Hirakawa ta iso makaranta. Layi biyu ne: zai riƙe Nonaka aiki daga ɗaya ga wata, kuma kujera ta biyu, ta bakin taga, tasa ce.