Tumunin Inna a Jirgin Baba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isiyaku, telan unguwar Milezi. Abokan cinikinsa suna tuna shi da ɗinkin jallabiya. Mutanen bakin kogin Shari kuwa da jirginsa suke tuna shi, kuma har yau in aka ambace shi sai wani ya yi murmushi.

Babu masunci a danginmu. Kakanninmu mahajjata ne da suka taso daga yamma a ƙafa, guzuri ya ƙare musu a nan, suka zauna. Baba a jikin kwalin ganyen shayi ya ga hoton wani jirgin mutanen Sin, mai zanen iska da haƙarƙari kamar fiffiken jemage. Ya daɗe yana kallo, ya ce ai wannan aikin tela ne. Ya sayi tsofaffin kwalekwale biyu ya jera su gefe da gefe, ya gicciya katakai a kansu ya ɗaure da igiya, ya kafa dogon itace a tsakiya. Zanen kuma da tamfol ya ɗinka shi hawa-hawa, tsakanin kowane hawa da aljihun da ya zura sandar gora. Masunta suka raɗa wa zanen suna labulen tela. Da ba'a suka faɗa, shi kuwa ya karɓa.

Igiya ɗaya ke ɗaga labulen. In iska ta yi ƙarfi sai a ɗan sassauta ta, hawan ƙasa ya naɗe kansa, ba wanda ya miƙe tsaye balle ya faɗa ruwa. Daga bakin kowace gora akwai siririyar igiya, dukkansu su haɗu a hannun matuƙi. Ni ce auta, ba na son magana, littafina kawai nake ɗauka in zauna a kan katakan ranar Juma'a da la'asar. Amma ina son warware igiyoyin nan in jera su, shi ya sa na san gurbin kowace ɗaya.

Yayyena biyu, Haruna da Sale, tun suna yara ba sa shiri. Da aka zo rabon gado, sauran kaya ba su ba malamin unguwa wahala ba. Jirgin ne ya sa shi shafa gemu. A ƙarshe ya ba kowane namiji kwalekwale ɗaya, ni ya ba ni itacen da labulen, Inna kuma tumuninta, kashi ɗaya cikin takwas na matar mamaci, ya faɗa kan katakai da igiyar da ke riƙe da jirgin. Yaya Haruna ya ce to gobe sai a kwance, kowa ya ja nasa. Inna tana cikin takaba, daga bayan ƙofa ta amsa.

"Kowa ya ja nasa. Nawa dai yana nan inda mai shi ya ɗaure shi."

Malam ya yi gyaran murya, ya ce ba a taɓa rabon mutum sai da yardarsa. Haka jirgin ya zauna a haɗe.

Zamansa a haɗe yana da wahalarsa. Duk ƙarshen damina igiyar ɗaurin takan ruɓe, kuma mutum ɗaya ba ya iya sabunta ta. Sai wani ya tsaya a wannan kwalekwale, wani a wancan, su ja lokaci ɗaya. Ko a shekarar da yayyena ba su gaisa da Sallah ba, sun sauka bakin ruwa sun ja igiyar nan, saboda Inna takan kawo kujerarta ta zauna a gaɓa. Ban taɓa jin sun yi hira ba. "Ja." "Ya isa." Amma sun zo.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga kogin yanzu. Jiragen inji sun yi yawa, gidaje sun cinye inda muke shimfiɗa tabarma, ruwa kuma yana shiga unguwannin da a da ba ya kaiwa. Ina jin ba zai yi ƙorafi ba. Zai tambayi kuɗin mai, ya girgiza kai, ya ɗaga labulensa. Abin da ban sani ba shi ne ko zai so a riƙe 'ya'yansa da igiya. Shi bai bar wasiyya a kan jirgin ba.

Bana tambayar ta zo mana har gida. Yaya Haruna yana noman lambu can bayan unguwar Lamadji, ta wajen kogi, ruwa ya yanke tsakanin gidansa da hanya, yaransa suna fashin makaranta. Ya zo da mai amalanke, ya durƙusa gaban Inna ya ce wannan karon ba rigima ba ce, kwalekwalensa yake buƙata. Kowa ya san gaskiya ya faɗa. Kowa kuma ya san in aka kwance, ba za a sake haɗawa ba. Inna ta ce a ba ta wuƙa, ita za ta yanke igiyar da hannunta. Yaya Sale, da ke jingine da bango yana duba waya, ya ɗago kai.

"Wanne zai ɗauka? Nasa yoyo yake tun Baba na da rai, nawa ne ke tallafe da shi. Ka sa yara a wannan kwandon?"

"Kwandon uban wa?" in ji Yaya Haruna.

"Ubanmu duka. Ka tafi da markabar, jirgin gaba ɗaya, kalas, magana ta ƙare. Amma ni zan tuƙa, kai ko amalanke ba ka iya ba."

Inna ta mayar da wuƙar cikin kwano. Aka sallami mai amalanke.

Washegari muka sauka bakin ruwa. Labulen ya shekara biyu a ɗakina a naɗe, igiyoyinsa sun cukurkuɗe. Suka tsaya suna jirana ba wanda ya gaggauta ni, na warware, na mayar da kowace a bakin gorarta. Yaya Sale ya ja, hawa ya bi hawa, iska ta cika tamfol ɗin da ya koɗe, muka bar gaɓar Milezi suna gardama a kan wane gefe ya fi zurfi. Rabon da in ji sun yi magana mai tsawon haka tun kafin in shiga jami'a.

Ban san shekara nawa jirgin zai ƙara ba. Katakan sun fara laushi, kuma yayyena ba su zama aminai ba. Abin da ya rage na Baba ba mai yawa ba ne, amma ina gode wa Allah da shi: ya bar mana abin da kowa yake da rabo a ciki, kuma rabon kowa shi kaɗai ba ya kai shi ko'ina. Yanzu jikokinsa ne ke zama a kan katakan Inna kowace safiya da jakunkunan makaranta. Allah Ya jiƙan Malam Isiyaku, Ya sa ya huta.